Dattijo da kunnena na hagu

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mai yankan itace ne da inji, abin da a daji ake ce wa ofareta. Shekara 20 da 'yan kai ke nan ina cin abinci da wannan sana'a, kuma kusan dukkansu da inji ɗaya na yi su. Ɗana na fari ne ke rubuta wannan a wayarsa ina faɗa masa, don bokona bai wuce firamare ba. In kun ga magana ta yi tsalle, daga bakina ne, ba daga hannunsa ba.

Abin da ya tayar da zancen, ranar Talatar da ta wuce wani matashi ya yi mini sallama da inji a kafaɗa, fentinsa ko ƙwarzanewa bai yi ba. Wata biyu da saye, wai ya ƙi tashi. Na ja igiya na ji ta taho sakwaf, babu ƙarfi a ciki. Na kwance salansa na leƙa ta ramin hayaƙi, sai ga fistin duk zane-zane kamar inda kaza ta yi tono. Na ce, "Samari, wa ke haɗa maka mai?" Ya ce yaronsa. Na ce, "Da me yake aunawa?" Ya ce da ido. Har na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna ni ma na taɓa tsayawa gaban wani tsoho da mataccen inji a kafaɗa, kuma amsar da na bayar ba ta fi tasa kyau ba.

Na bar ƙauyenmu a ƙasar Katsina bayan girbin 2004, ina da shekara 19. Cirani na fita, da niyyar in haɗa kuɗin aure in dawo kafin ruwa ya sauka. Wani ɗan garinmu ya ce ana samu a Taraba wajen 'yan katako, muka bi shi har Jalingo, daga nan Mutum Biyu, muka gangara Garba Chede, sannan muka faɗa daji ta wajen Bali. Dako aka ba ni. Inda aka kayar da itace nan ake tsaga shi, mu kuma mu ɗauko katakon a ka zuwa inda mota za ta iya shigowa, wani lokaci tafiyar rabin awa, wani lokaci fiye. Wanda bai taɓa ɗora ɗanyen katakon maje mai tsawon ƙafa 12 a kan gammo ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kwana ukun farko in an kira ni sai dai in juyo da jikina duka, wuya ya ƙi.

Ofaretan da muke yi wa dako wani dattijo ne mutumin ƙasar Zazzau, kowa Baba yake ce masa. A kurmi ya koyi aikin tun yana saurayi, wajen Ore ta jihar Ondo, a hannun Yarabawa. Ba ya magana sai da ƙarfi, ko gaisuwar asuba ce sai ka rantse faɗa yake, in kuma ka yi masa magana sai ya juyo maka gefe ɗaya ya ce, "Iye?" Mu yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa mu yi ta sheƙa dariya. Allah ya yafe mana.

Injinsa Stihl ne, samfurin 070, wanda kowane ɗan katako ya sani da ziro-sebinti. Shi kuwa Baba, sunan da ya sa wa injin Dattijo. Fenti duk ya ƙoƙe, inda hannu ke riƙewa ya yi sulɓi yana ƙyalli. Akwai ɗan ƙarfe a jikinsa da rubutu, wani malamin firamare ya karanta mana ya ce a Jamus ta Yamma aka ƙera shi, kuma ƙasa mai wannan suna ta haɗe da ta Gabas tun 1990. Ke nan in bai girme ni ba, to sa'ana ne. Cc 106 gare shi, wato ya ɗara injin Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa, ga shi a hannu za ka riƙe shi. Shi kaɗai ya kusa kilo 11. In ka ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, wanda a sansaninmu takobi muke ce masa, mai inci 36, ka cika masa fetur da mai, ya doshi kilo 15. Ba shi da saurin injinan yanzu, akwai ma wani ɗan fiffike kusa da fankarsa da ke hana shi wuce gudu. Amma in ya kafa haƙori a itace ba ya ja da baya. Ba shi kuma da birkin sarƙa, wannan zan dawo kansa.

Ban koma gida ba da damina ta zo. Baba ya lura ina yawan tsugunawa kusa da shi in yana gyara, rannan sai ya miƙo mini tsintsiya ya ce, "Zo nan, ɗan nan." Wata takwas na yi ina wanke masa inji kafin ya bar ni in taɓa igiyar tayarwa. A lokacin na ɗauka mugunta ce.

Kullum in an tashi aiki bayan la'asar sai a shimfiɗa buhu. A cire matatar iska a wanke da fetur a shanya. A bi tsakanin haƙarƙarin silinda da tsinken tsintsiya a fitar da garin katakon da ya daskare, don inji ne da iska kaɗai ke sanyaya shi, in ramukan nan suka toshe dahuwa zai yi a tsaye. A kwance takobi, a ƙanƙare kwarin da sarƙa ke bi da guntun tsohon zarto, a huda ramin mai da waya, a shafa gefensa da yatsa, in ya yi kaifi a goge da magagari. Gobe kuma a kife shi, na sama ya koma ƙasa, don kada gefe ɗaya ya cinye. Abu na ƙarshe, a sassauta sarƙa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce sarƙa in ta yi zafi miƙewa take, kai kuma ka yi ta ɗaure ta da rana, in ta huce da dare za ta tsuke ta yi ta jan ƙarfen cikin inji har gari ya waye. Duk wannan bai fi rabin awa ba, kuma ban taɓa ganin ya tsallake ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da ya zauna ya ga na yi.

Haɗin mai kuwa ba ya barin kowa ya yi masa. Yana da gwangwanin madarar ruwa ƙarami da ya yanke wa baki, gwangwani ɗaya na mai a galan ɗaya mai lita 4 na fetur, a girgiza. Daga baya wani mai sayar da kayan gyara ya buga mini lissafi ya ce kashi ɗaya ne cikin 25. Masu ilimin abin sun ce in ka samu man kamfani na asali, ɗaya cikin 50 ya isa, amma a dajin Bali wa ya ga man kamfani? Abin da ke jarkar mai kanti shi za ka saya, don haka gara ya yi yawa inji ya yi hayaƙi, da ya yi kaɗan. Irin wannan inji ba shi da wani wurin zuba baƙin mai kamar mota, man da ke cikin fetur shi ne kaɗai abin da ke tsakanin fistin da silinda. Fetur ɗin ma sai an tace da ƙyalle, don na bumburutu muke saya, wani da ruwa, wani an gauraya da kananzir.

Na sarƙa kuma baƙin man da aka juye daga mota muke zubawa, wanda ake ce wa kwandem. Ba zan ce daidai ne ba. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa, yana cin famfo yana cin takobi, ga ɓata hannu da tufafi. Talauci ne ya sa, har yau ma shi nake sawa, sai dai in bar shi ya kwanta kwana biyu a jarka in tace na sama. Akwai ɗan maɓalli a jikin 070 da kake dannawa da babban yatsa ya ƙara tura mai, in ana tsaga doguwa yatsan Baba ba ya sauka daga kansa.

Sai wasa sarƙa, wanda shi ne rabin aikin. Baba ba ya duba haƙori ya san ya dakushe, ƙasa yake dubawa. Muddin ɓarɓashi manya ke zubowa to lafiya, da zarar ya ga gari kamar na tuwo zai kashe inji ya zauna. Magagari mai zagaye, kowane haƙori shafa uku, daga ciki zuwa waje, kuma ƙidaya yake a fili. In ka ba haƙoran dama huɗu na hagu uku, gobe yankanka zai karkace, ka zage ƙarfi kana danna inji yana bin inda ya ga dama. Haƙorin yanka gungume a gicce a karkace ake wasa shi, na tsaga katako a tsaye kuwa kusan a miƙe, don fuskar katako ta fito sumul. Layin tsaga da zare muke bugawa, a tsoma shi a baƙin mai, mutum biyu su ja, a ɗaga a saki. Daga nan babu wani ma'auni sai ido da kafaɗa. Na ga Baba ya fitar da katako tu-bai-fo, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, guda goma daga gungume ɗaya, ka jera su ka rasa wanda ya fi wani.

Amma abin da ya fi daɗewa yana koya mini, kuma shi ya sa na ce a rubuta labarin nan, shi ne sauraro. A jikin kafireta akwai ƙananan sukurori biyu, ɗaya na lokacin da inji ke zaune, ɗaya na lokacin da aka matsa masa wuta. Baba ya ce lafiyayyen inji in ka matsa masa wuta a iska, dole ka ji 'yar gargada a muryarsa, kamar mai kaki a maƙogwaro, in kuma ya shiga itace muryar ta washe. In ka ji ya yi siririn kuka mai daɗi tun a iska, to yunwa yake ji, fetur ya yi masa kaɗan, kuma inda fetur ya yi kaɗan mai ma ya yi kaɗan. Wannan kukan mai daɗi shi ke ruɗin yara. Abin mamaki, mutumin da ba ya jin sallama sai an maimaita, shi ne zai tsaya daga nesa ya ɗaga hannu ya ce in kashe, murya ta canza. Da kunne ɗayan da ya rage masa yake wannan.

A 2009 hannuwansa suka gaza. In sanyin safiya ya bugo sai yatsunsa su yi fari su mutu, ko carbi ba ya iya ja, girgizar shekaru ce ta taru. Ya sayar mini da Dattijo bashi, a kuɗin da bai kai rabin na sabo ba, ya haɗa mini da gwangwanin da ƙotar magagarinsa ta itacen marke. Shi kuma ya kafa ɗan teburi a bakin titi yana sayar da fulogi da sarƙa da igiya. A cikin shekara ɗaya da rabi na biya shi. A wannan tsakanin na yi aure, aka haifi wannan da ke rubutu. Shekara biyar ina bin ƙa'idar Baba, ban canza komai a injin ba sai ringi sau ɗaya da fatar kafireta da igiya.

Sai Madrid ya zo. Sunan da 'yan katako ke kiran madobiya da shi ke nan, itacen da muka saba wucewa, wanda in ka sare shi yake fitar da jan ruwa kamar jini. Wajen 2014 aka wayi gari 'yan China na nemansa ido rufe, ba katako suke so ba, gungume ne a yi masa kusurwa huɗu a loda a tirela sai Legas. Garba Chede ta koma wani abu daban. Tela ya ajiye keke ya sayi inji, ɗalibi ya bar makaranta ya shiga dako. Abin da nake samu a wata sai na same shi a kwana huɗu. Na ɗauki yara uku. Muna shiga daji da tocila mu fito da tocila, kuma wanda ya fito da tocila ba ya shimfiɗa buhu. Matatar iska sai ta yi mako ban wanke ba. Gwangwani ya ɓace a wani sansani, ban nemi wani ba, yaro ya riƙa tuttulawa da ido. Har sukurin nan na matse kaɗan da hannuna, don in ji yana kuka kamar sababbin injinan da ke kewaye da ni. Ni da aka koya wa.

A rani na 2015 ya fara yi mini magana. In na saki wuta, maimakon ya zauna sai muryarsa ta hau sama, sarƙa ta yi ta juyawa ita kaɗai. Na san ma'anarta sarai, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba, robar da ke toshe gefen ƙarfen ciki ta gaji. Aikin yini ɗaya ne. Amma akwai tirela a tsaye tana jiran cikon kaya, na ce bari a gama lodi. Rana ta uku da hantsi ina tsakiyar gungume sai ya yi wani ɗan ƙara ya ɗauke ɗif. Na ja igiya, ta ƙi motsi kamar an kafe ta da ƙusa. Wani wari na tashi, na ƙonannen ƙarfe.

Na ɗora shi a babur na kai wa Baba. Bai taɓa shi ba, ya dube ni ya ce, "Kwana nawa yana gaya maka?" Na ce, "Baba, yara ne suka..." Ya juyo mini da kunnen kirki ya ce, "Iye?" Na san ya ji. Na ce, "Uku." Ya ce, "Ina gwangwanina?" Na yi shiru. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da muka buɗe, fistin ya narke ya manne a bangon silinda ta gefen salansa. Ni na yanke ƙauna, har na fara tambayar kuɗin silinda sabuwa. Baba ya sa farce ya ƙwarzana ya ce bangon bai mutu ba, naman fistin ne ya shafu a kai. Kwana biyu na yi ina gogewa a hankali da takardar yashi mai laushi, yana zaune yana shafawa da yatsun da ba su ji, sai ya ce in ba wani yaro ya shafa ya faɗa masa. Muka aika Onitsha aka kawo fistin da ringi da boris da robobin. Ya hana ni mayar da tsofaffin 'yan wayoyin da ke riƙe ƙusar fistin, ya ce abin naira kaɗan ne amma in ɗaya ya fita komai ya tafi. Mako biyu Dattijo ba aiki, tirela ta cika da kayan wani. Da ya tashi, tanki biyar na farko da mai mai yawa na ƙona su, kan ƙananan itatuwa, kamar mai jinyar da aka fara ba kunu.

Kafin a gama gyaran na sayi 070 ɗan China don kada yara su zauna. Ba zan zage shi ba, ya yi mini wata bakwai kuma ya mayar da kuɗinsa. Kamanninsu ɗaya, kayansu ma suna shiga na juna, har yau murfin igiyarsa da kulocinsa ne a jikin Dattijo. A ganina igiya da sifirin da murfi da matata, na China ba laifi. Abin da ke juyawa a cikin ciki kuwa, boris da fistin, in kana da hali nemi na kirki, araha ba ta ado a nan.

Inji na gyara, hali ban gama gyarawa ba. Akwai ɗan tudu a gaban kowane haƙorin sarƙa da ke hana shi cizo da zurfi. 'Yan Madrid sukan goge shi sosai don inji ya ci da sauri, ni ma na bi sahu. A 2016, wata ranar Alhamis dab da magariba, ina datse rassan wata madobiya da ta faɗi, na gaji liƙis, hancin takobi ya taɓi wani reshe da ganye ya rufe. Ban ga tasowarsa ba. Injin zamani da birki ya kama, wannan babu. Allah ya sa na karkata, ya same ni a kafaɗar hagu maimakon fuska. Yara suka ɗaure da rawani, awa biyu a kan babur kafin asibiti, ɗinki 23. Har yau hannun ba ya ɗaguwa sama da kai, in zan yi kabbara a kunne yake tsayawa. Tun daga ranar ba na yanka da hancin takobi, ba na tsayawa daidai bayan layinsa, ba na ɗaga shi sama da ƙirji, kuma in na ji gajiya ta kai gwiwa ajiyewa nake, ko wa ke jira.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai daga shekarun nan. Wani tsohon Bafillace ya same mu mun kayar da madobiya shida a gefen wani rafi. Bai yi faɗa ba. Ya ce tun yana yaro in rani ya tsananta ganyen waɗannan yake sassabo wa shanu, reshe yake ɗauka ya bar uwar. Ya tambaye ni, "Baɗi me za ku sara?" Na ce akwai a gaba. Ya gyaɗa kai ya kora shanunsa. Bayan shekara biyu sai mun yi tafiyar yini kafin mu ga mai kauri, har waɗanda ba su fi cinya ba aka koma sarewa. A ƙarshen 2018 aka dakatar da fitar da itacen daga Najeriya, amma kafin nan dajin da na sani ya riga ya zama fili. Ina cikin waɗanda suka yi. Gidan da nake ciki da kuɗin na gina shi, ba zan ɓoye ba.

Na tattaro iyalina na dawo ƙasar Katsina. Baba ya rasu bayan dawowata da shekara ɗaya, ban samu jana'iza ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Aikin nan gida daban ne. Darbejiyar da ta yi wa gida barazana, bishiyar turaren da aka shuka don sayarwa, itacen da iskar farkon damina ta kayar kan katanga, gumagumai na 'yan faskare da gidajen burodi, wani lokaci kirya ta masu sassaƙa turmi, wadda ke dakusar da sarƙa kamar dutse kake yanka. Tsayayyen itace ba na taɓa shi sai mai shi ya nuna mini takardar malaman daji. Na sa wa Dattijo gajeren takobi, don babu abin da ke buƙatar inci 36 a nan. Abokin gabar itacen gari ƙusa ce da waya, wadda aka buga shekara 30 da suka wuce don ɗaure akuya ko shanya, itace ya haɗiye ta. Taɓawa ɗaya ta kashe maka haƙora biyar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma sai na auna aiki da lita kafin in faɗi kuɗi, don tsohon nan mashayi ne, tankinsa ya haura lita ɗaya kuma ba ya daɗewa. Mutane na cewa in sayar in sayi ƙarami mai sauƙin sha. Suna da gaskiya ta wajen lissafi. In aiki ya yi sanyi kuma ba na barin fetur ya kwana masa makonni, juyewa nake in tayar da shi har ya mutu da kansa, in ba haka ba fatar kafireta bushewa take kamar ganda.

Maiɗakina ce ta fara lura da kunnen. Ta ce, "Malam, rediyon nan har maƙwabta na ji." Sai kuma na fara makara sallar asuba in na kwanta ta gefen dama, alhali masallaci na bayan gidanmu. Rannan wannan yaron ya yi mini magana daga hagu, na juya masa ɗaya gefen na ce, "Iye?" Da kalmar ta fita sai jikina ya yi sanyi, na zauna. A asibiti aka sa mini wani abu a kunne aka gwada. Likita ya ce ƙarar da ta wuce ma'auni 85 in aka daɗe a cikinta tana kashe ji, irin injina kuwa ya haura 100, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu saura kaɗan, na dama kuma wani siririn kuka yake yi dare da rana. Siraran sauti su suka fara tafiya, wato daidai muryar da Baba ya yi wata da watanni yana koya mini in gane. Abin toshe kunne na roba bai kai kuɗin lita ɗaya ba, shekara 15 ban taɓa sawa ba, don a daji wanda ya sa dariya ake yi masa.

Yanzu da ido da tafin hannu nake ji. In cire fulogi in duba, in ya yi ja-ja kamar ƙasar tukwane lafiya, in ya yi baƙi ya jiƙe mai ya yi yawa, in ya yi fari kamar toka in ajiye komai. In ɗora hannu a murfi in ji yadda yake rawa. Sauran kuwa na yaron nan ne. Ranar da babu makaranta yakan bi ni, na saya masa abin toshe kunne, kuma na gaya masa ranar da na gan shi kusa da inji babu shi, ranar ya daina bina. Sai in za a saita kafireta yake cire ɗaya na ɗan lokaci, ni ina juya sukuri shi yana cewa, "Baba ƙara kaɗan, gargadar ba ta fito ba." Shi matashin ranar Talata, injinsa na nan a zaure a kwance muna jiran fistin, na kuma sa an yanke masa gwangwanin madara.

Yau da safe muka tayar da Dattijo za mu je wani gida da darbejiya ta faɗa wa katanga. Ni ban ji komai ba, a hannuna lafiya lau yake. Yaron ya ce, "Baba, in ka saki wuta muryarsa tana hawa." Na ce ya tabbata? Ya ce tun jiya ya so ya faɗa. Na kashe, na juye fetur, muka shimfiɗa buhu. Na aika Kano a sayo robobin, sai jibi za su iso. Mai katangar ya bugo waya sau uku, yaron ne ke ɗauka.